Bargon Taurarin Maryama

A farkon bazarar shekarar 1986, ina aji biyar na firamare, na ga tauraruwa mai wutsiya da idona. Da asuba ne, mun sauko bakin ruwa da kwanduna da daro muna jiran jiragen masunta su dawo daga ɗaga taru. Ƙauyenmu yana gaɓar tafkin Kainji, ba nisa da Wara, kuma lokacin nan duk ƙasar Yawuri tana cikin jihar Sakkwato. Wata mata ce ta waiga ta hango ta, can ƙasa-ƙasa ta bayan gari, saman giginyu. Ba wata babba ba ce, kamar dai an goga alli da yatsa a jikin allo. Amma nan take bakin ruwa ya kaure da salati, mata suka shiga jan mayafi suna rufe kai, masu goyo suna juya mata baya, domin an ce ba ta fitowa sai da mutuwa a bayanta. Inna, mahaifiyata, tana da ciki a lokacin. Ta ajiye daronta ta tsaya tana kallo. Kaka, uwar Babana, ta fizgi hannunta ta ce, "Kauda kanki, ba a kallon wagga aba da ciki." Inna ba ta kauda ba. Ni ma da na ga haka sai na ware nawa idon, muka yi ta kallo har gari ya waye ta ɓace.

Bari in faɗi abin da ya tsorata Kaka, don kada a ɗauke ta muguwa. Ni ce 'yar fari. Bayana Inna ta haifi uku, babu wanda ya kai yaye. A wurinmu macen da take haihuwa 'ya'yan suna komawa ana ce mata mai wabi, kuma akwai yadda ake yi da abin da ta haifa. Ba a ɗinka masa riga tun yana ciki, ba a yi masa ado in ya fito. A naɗe shi da tsumma a kai shi juji a ajiye, wata tsohuwa ta ɗauko shi kamar tsintuwa ta yi, a laƙaba masa suna irin su Ajuji ko Ayashe, wai don abin da ke ɗauke su ya ga ba a damu da shi ba ya wuce. Uwar kuwa ba ta isa ta yi masa wasa a gaban mutane ba. Kaka ta yarda da wannan har cikin ranta, domin ita ma ta binne 'ya'ya kafin Babana ya tsaya, kuma shi ma an kai shi juji. Na farkon ƙannena da ya rasu aka ce ƙaddara, biyun da suka biyo baya duk an yi musu wannan al'ada. Na ƙarshen da idona na gan shi kwance a juji cikin tsumman goge tukunya, kaji suna tono kusa da kansa, ina tsaye raina yana tafasa. Bai kai ga zama ba ya bi 'yan'uwansa.

Ni kuma kunyar ɗan fari ta raba ni da Inna. Ba ta kiran sunana, ni ce "ke" ni ce "wagga", ba ta zama tabarma ɗaya da ni, in na faɗi na fasa gwiwa sai dai ta kalli gefe ta ce wani ya ɗaga ni. Tun da aka yaye ni a ɗakin Kaka nake kwana, cikin gidajen nan da gwamnati ta gina wa iyayenmu lokacin da ruwan dam ya cinye tsohon gari, masu rufi kamar an kifa rabin ganga. Da bazara su gasa mutum, da damina sanyin tafki ya shigo ta ko'ina. Aikina kafin makaranta shi ne fere kifi da jera shi a kan murhun banda, in na dawo kuma in zauna gadin warangi, ƙananan kifin da ake shanyawa a rana, ina korar shirwa da kara ina buga 'yar carafke da hannu ɗaya. Duk wannan ina yinsa ne kusa da Inna amma kamar da katanga a tsakaninmu. Mace ce mai haihuwa huɗu da ba ta taɓa rungumar ɗanta a fili ba, ni kunya ta hana ta, su kuma tsoro ya hana ta. Tun ina yarinya abin nan yake ba ni haushi, kuma har yau bai daina ba.

A makon da tauraruwar ta fito, malaminmu, Malam Audu, ya ga ajin duk a tsorace, sai ya share lissafin da ke kan allo ya zana rana a tsakiya, ya jera duniyoyi suna kewaye ta, tamu ƙarama a cikinsu, wata kuma da zobe a ƙugunta kamar an zura ƙwarya cikin faifai. Ya ce mai wutsiyar ma halitta ce kamar sauran, hanyarta take bi, ba ruwanta da wanda zai mutu a ƙauyenmu, kuma ya ji a rediyo Turawa sun harba kumbo ya je ya duba ta. Na dawo gida bakina bai rufu ba. Ina gadin warangi ina yi wa 'yan'uwana yara bayani, rabi abin da Malam ya faɗa rabi ƙarin gishirina. Ashe Inna tana bayan murhu tana ji. Da yaran suka watse sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke, zana man abin da malaminku yaz zana." Na ɗauki tsinke na zana mata a ƙasa. Ta daɗe tana kallo, hayaƙi yana sa ta matse ido, sannan ta ce in sake zana mai wutsiyar, in tsawaita wutsiyar.

Ranar kasuwar Wara ta ce in raka ta. Mun shiga jirgi da kwandunan banda kamar kullum, amma da muka gama sayarwa sai ta wuce rumfar wani tela ta roƙe shi ƙyallayen da yake zubarwa ƙarƙashin keke. Muka tsuguna muna tsince farare da rawaya da ja. Tela ya tambaye ta ko matashi za ta cusa, ta ce masa bargo za ta ɗinka wa abin da ke cikinta. Ya dube ta, ya dubi cikin, ya kauda kai ya ci gaba da taka kekensa, domin kowa a gaɓar nan ya san mai wabi ce. Da muka dawo gida ta buɗe akwatinta ta ciro baƙin zanenta na rini, wanda aka kawo ta gidan da shi, ta shimfiɗa a tsakar ɗaki ta ce, "Ga sama." Ni kuwa da na ga almakashi ya shiga zanen nan na san ba wasa take yi ba.

Ba wanda ya koya mana, da ɓata muka koya. Na yanka surar tauraro a kwalin sukari, muna ɗora shi a kan ƙyalle muna zagayawa da gawayi. Taurarin farko duk bakinsu ya zare, sai da muka gane a kalmasa gefen kafin a ɗinka. Wata muka yi shi da tsohon kallabi rawaya, rana da ja, duniya mai zobe da guntun kayan makarantata da ya yi mini kaɗan. A ciki Inna ta shimfiɗa audugar rimi siririya tsakanin tsofaffin zannuwa biyu, sannan muka bi duka da ɗinki layi-layi don kada audugar ta dunƙule in an wanke. Da hantsi muke yi ranar da ba makaranta in an gama banda, ko bayan la'asar, ita a wancan gefe ni a wannan, allura biyu suna tafiya har su haɗu a tsakiya. Karo na farko ke nan da na zauna gwiwa da gwiwa da mahaifiyata, ina jin ƙamshin hayaƙi da man gyaɗa a jikinta, kuma ina sane nake jan ɗinkina a hankali don kada mu gama da wuri. Na nace sai an sa kumbo, ko da yake ban taɓa ganinsa ba ko a hoto. Baba ya leƙo wata rana ya ga abin da na yanka ya ce, "Wanga ai kihi na, ragon ruwa, mi yak kai shi sama?" Inna ta yi dariya har allurarta ta faɗi, muka bar shi a haka. Shi ne kuma ya ce mu ƙara Kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da ke tafiya a dunƙule, don in yana kan ruwa su yake so ya gani. Mai wutsiya ita muka bari ƙarshe, a kusurwar dama, da wutsiyar farin zare.

Ba mu ɓoye ba, amma ba mu yi shela ba, har ranar da Kaka ta shigo neman ashana ta same mu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa. Ɗinka wa ɗan da ba a haifa ba laifi ne, ɗinka wa ɗan wabi laifi biyu, ga kuma abar da duk gari ke tsoro an kawo ta an ɗora inda kan jariri zai kwanta. Ta ce, "Halan so kike ki kira ta da hannunki?" Inna ta ce, "Iya, biyu na ba ku kunka kai juji, ina suke?" Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ajiye allurar ba. Kaka ta juya ta fita, a ranar ko tuwon Inna ba ta ci ba. Washegari muna bakin ruwa ta shiga ɗakin da reza ta farke mai wutsiyar ta jefa a murhu. Da muka dawo Inna ta ga gurbin, ta shafa shi da tafin hannu, ta miƙo mini kwalin sukari ta ce in yanka wata, wadda ta fi ta farko girma. Muka fito da bargon tsakar gida, ƙarƙashin dalbejiya, inda duk mai shiga da fita zai gani, muka ɗinka ta a can.

Ni na ɗauki faɗan ya zama nawa, don dama ba a ba ni magana in haɗiye. Na naɗe tabarmata daga ɗakin Kaka na kai bakin ƙofar Inna, aka ce 'yar fari ba ta kwana nan, na ce to a ɗauke ni. A rijiya mata suna zolayata wai ga 'yar masu kiran mutuwa, ni kuma ina mayar musu da cewa mutuwar da ta san hanyar gidan kowa ba ta jiran kira, har wata ta kai ƙarata wurin Baba. Shi Baba yana tsakani, ga uwa ga mata, ga shi ba mai yawan magana ba. Ya je ya tambayi liman, liman ya ce rai da ajali na Allah ne, tauraro ba ya kashewa, tsumma ba ya rayawa. Baba ya dawo ya faɗa wa Kaka haka cikin ladabi, ta ce liman bai taɓa naƙuda ba. Bayan nan da ya je Yelwa sayen zaren taru sai ya dawo wa Inna da ƙullin farin zare mai laushi, ya ajiye a kan akwatinta ya fita.

Tsakiyar damina Inna ta sauka, aka sami mace. Ungozoma tana gama wanke ta Kaka ta shigo da tsummanta a hannu, tsohuwar da za ta yi tsintuwa tana jira a waje. Inna tana kwance ko tashi ba ta iya yi, amma ta miƙa hannu ta janyo jaririyar jikinta ta ce mini, "Ke, miƙo bargon." Na miƙa. Ta naɗe ta a ciki ta ce, "Wagga ba ta zuwa juji. In tahiya za ta yi, ta tahi daga hannuna." Kaka ta yi kuka a ranar, kukan gaske, na tsoro, kuma na ji tausayinta, amma ban matsa daga bakin gadon ba. Ranar suna aka raɗa mata Maryama. Inna ta sa mata kwalli, ta ɗaura mata ɗan jigida, ta fito da ita cikin bargon ta zauna a tsakiyar mata tana kiran sunanta da baki cike. Wasu suka sha kunu suka tafi da wuri, wasu kuwa suka matso suna shafa taurarin suna tambaya yaya aka yi bakin bai zare ba.

Maryama ta zo da ƙiba da dariya. Sanyin daminar nan bai taɓa ta ba, don bargon yana da nauyi daidai. Inna takan shimfiɗa mata shi ƙarƙashin dalbejiya tana aikin banda tana yi mata waƙa, a gaban kowa, har da rawa wani lokaci, abin da ban taɓa sanin ta iya ba. A kansa ta koyi zama, a kansa ta fara rarrafe, kullum wajen jar rana take nufa ta kama ta da baki. Da ta fara tafiya sai ta riƙa jan sa a ƙasa ta bi ni da shi har bakin hanyar makaranta, sai an ɗauke ta tana ihu. Kaka ta yi wata da watanni tana ce mata Ajuji, ba ta yarda ta ɗauke ta in da mutane, amma na sha kama ta tana tauna mata kifi tana sa mata a baki in ta zaci ba kowa. Maryama tana kirana Yaya, kuma ita ce mutum ta farko a gidan nan da ta rungume ni ba kunya.

Bazara ta biyu da haihuwarta ƙyanda ta shigo gaɓar. Ta bi gida-gida, ta kwantar da 'ya'yan masu wabi da na waɗanda ba su taɓa binne ɗa ba. Ta kama Maryama, ta sauka mata a ƙirji. Baba ya ɗauke ta da Inna a jirgi mai inji zuwa asibiti a Yelwa, an yi abin da za a iya, amma kwananta ya ƙare. Da la'asar suka dawo, na hango Inna daga nesa zaune a tsakiyar jirgi, bargon a ninke a kan cinyarta, Maryama kuwa a rufe da zane a gefenta. Ban tambayi kowa ba, na zauna a cikin yashi.

Kafin a share makoki magana ta gama gari. Yaran da suka rasu a wannan bazara ba ɗaya ba ne ba biyu ba, amma tamu ce kaɗai aka samo wa dalili. An ce an gaya mata ba ta ji ba, an ce ta ɗora wa jaririya mai wutsiya a ka. Kaka, idonta a kumbure, ta ce a ɗaura wa bargon dutse a kai shi tsakiyar tafki, kuma mata da dama suka goyi bayanta. Ni na riga na shirya, in an taɓa shi sai dai a haɗa da ni. Amma Inna ba ta bar mini wannan faɗan ba. Da hantsi, lokacin da bakin ruwa ya fi cika, ta ɗauki bargon da sabulu ta sauka, ta wanke shi a gaban kowa, tauraro bayan tauraro, ta matse, ta dawo ta shanya shi a kan danga ta wajen hanya. Kaka ta fito ta ce, "Na hwaɗa maki." Inna ta juyo ta dube ta, abin da suruka ba ta yi, ta ce, "Kin hwaɗa, Iya. Waɗancan na ɓoye su, sun tahi ko kamanninsu ba ni iya tunawa. Wagga na san dariyarta, ta san tawa. Ko yau anka maido man ita, haka za ni yi." Kaka ta juya wajen dangar. Ta daɗe tsaye tana kallon bargon yana ɗiga, sannan ta koma ɗaki, kuma daga ranar ba ta sake maganar dutse ba.

Inna ba ta ƙara haihuwa ba, amma ba ta ajiye allura ba. Kafin damina ta faɗi wata matar masunci daga wajen Shanga, ita ma mai wabi, ta zo da cikinta da ƙullin ƙyallaye ta zauna ƙarƙashin dalbejiyarmu ta ce a koya mata. Nata ɗan ya rayu, na wata da ta biyo bayanta bai rayu ba, kuma Inna ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin cewa bargo yana tsare rai ba. Abin da take cewa kawai shi ne, "Ki so shi yanzu, tun shina hannunki."

Yau ina zaune a Yelwa da keken ɗinkina. Barguna sun cika kasuwa, na kanti masu laushi, an buga musu wata da kumbo na gaske wanda ba ya kama da kifi, kuma mace takan saye su tun cikinta bai fito ba, ba mai ce mata komai. Ana yi wa yara allurar ƙyanda, na kuma daɗe ban ji an kira yaro Ajuji ba. Na gode wa Allah da wannan. Amma har yanzu in jikana zai zo duniya nakan rufe keken in ɗauko allurar hannu, in yanka kwali, in shimfiɗa baƙin yadi a ƙasa, sai in ji ina neman wadda za ta zauna a wancan gefen. Inna da Kaka duk sun rasu, kabarinsu ba nisa da na Maryama. Kwanakin yarinyar nan ba su da yawa, amma babu ko ɗaya da ya wuce ba a so ta a fili ba.